Kafin Maigida Ya Shigo Da Ɗan Kwikwiyo: Yadda Za Ki Gane Mai Kiwon Karnuka Na Gaskiya



Wataƙila maganar ta riga ta taso a gidanki. An haura katangar maƙwabta an kwance batirin sola, ko an ɗauke janareto da tsakar dare, gari na wayewa maigida ya ce shi kam kare zai sayo. Ko kuwa babban yaronki ne ya ga bidiyon wani ƙaton kare mai gashi buzu-buzu a TikTok ya hana kowa sakat. Kafin ki ankara an turo hoton ɗan kwikwiyo ta WhatsApp, an ce yana hannun wani a Sabon Gari, ɗan asali ne, iyayensa daga ƙasar waje aka kawo su, a yi maza a tura kafin alƙalami kada wani ya riga ku.

Kada ki ce wannan harkar maza ce. Maigida zai biya kuɗi ya fita nema. Ke za a bari da kwanon abincinsa da wankin wurin kwanansa, kuma 'ya'yanki ne za su yi wasa a tsakar gidan da yake zagayawa. Babban kare yakan yi shekara 10 zuwa 12 a duniya. Ke nan yaron da kike goyo yau zai iya shiga sakandare karen yana nan. Irin karen da zai zama kuwa, mai lafiya ko mai jinya, mai natsuwa ko mai cizo, ya dogara ƙwarai a kan hannun da ya fito. Shi ya sa yau za mu duba yadda ake gane mai kiwo na gaskiya.

Da farko, me za a yi da shi?

Malamanmu sun yi bayani a kan wannan tun da daɗewa. Ya inganta a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata ta gaske. Ana ma kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, cewa ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maɓarnata. A mazhabar Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Batun kuɗin kare kuwa akwai saɓani: hadisi ya hana cin kuɗinsa, wasu malaman Malikiyya irin su Sahnun kuma suka halatta cinikin wanda aka yarda a ajiye. Ki sa maigida ya tambayi malamin da kuka amince da shi tun kafin a yi ciniki.

Idan an tsaya a kan cewa na gadi ne, to a tanadar masa wurinsa daban a cikin gida, mai inuwa da iska, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla da madafa. Gidan da ba shi da wannan fili, ko gidan haya da ake zaune da wasu iyalai, bai dace da babban kare ba komai arahar da aka samu.

Wane jinsi ne zai iya da zafin Kano?

Karnukan da aka fi tallatawa a wayoyinmu ba su wuce biyar ba, kuma kowanne akwai aikin da aka samar da shi dominsa.

Jaman-shefad, wanda wasu ke kira Alseshiyan, karen kiwon tumaki ne na Jamus. Wani tsohon hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899. Yana da kaifin fahimta, yana karɓar horo, amma yana buƙatar motsa jiki kullum, kuma ciwon ƙugu na gado ya yi yawa a jinsin.

Kokeshiyan, wato mai gashin nan kamar zaki, daga duwatsun Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha ya fito, inda yake tare wa tumaki kyarkeci cikin ƙanƙara. Namijinsa yakan haura kilo 50. Ki tuna zafin Kano a watan Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Irin wannan kare a kejin kwano cikin rana zafi na iya kashe shi a wuni guda. Ga shi da taurin kai, bai dace da wanda bai taɓa riƙe kare ba.

Bowabol na Afirka ta Kudu ne, karen gadin gona, gashinsa gajere, don haka ya fi jure zafi. Sai dai ƙarfinsa ya fi na matashi, kuma cinsa ba kaɗan ba ne. Rotwaila na Jamus ne, mai ƙarfi da kishin gida, kuma 'ya'yansa na cikin waɗanda cutar fabo ta fi yi wa illa. Lasa kuwa ɗan ƙarami ne daga Tibet. Ba zai kayar da ɓarawo ba, amma haushinsa zai tashi kowa, sai dai gashinsa na son taza da aski a kai a kai.

Mai kiwo na gaskiya zai gaya miki aibin jinsin da yake sayarwa da bakinsa. Wanda ya ce karensa ba shi da matsala ko ɗaya, kuɗinki kawai yake hange.

Mai kiwo daban, dillali daban

Kasuwar Sabon Gari, wadda sunanta na hukuma Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi, a ƙaramar hukumar Fagge, wuri ne da aka saba cewa ba abin da za ka nema ka rasa. Idan kika yi cigiyar ɗan kwikwiyo a can ko a layukan unguwar da ke kewaye, ba za a rasa wanda zai ce ya san mai shi ba. A nan ne ya kamata ki bambance mutum uku.

Na farko shi ne mai kiwo. Uwar tana gidansa, a gabansa ta haihu, ya san ranar haihuwar, ya san uban, yana da likitan da ke duba masa su.

Na biyu dillali ne. Ya sayo 'yan kwikwiyon daga hannun wani, wani lokaci daga wani gari aka ɗoro su a mota cikin kwali, ya haɗa na gida daban-daban a keji ɗaya yana jiran mai saye. Ba lallai ne maƙaryaci ba ne, amma abin da yake gaya miki shi ma gaya masa aka yi. Kuma haɗa 'yan kwikwiyon da ba su gama rigakafi ba a wuri ɗaya ita ce hanya mafi sauƙi ta yaɗa cuta a tsakaninsu. Idan za a bi ta hannun dillali, a ba shi la'adarsa ya kai ku gidan mai kiwon. In ya ƙi, a ce masa albarka.

Na uku ɗan damfara ne. Ba shi da kare ko ɗaya, hotuna ya kwaso a intanet ya liƙa a Facebook ko Instagram. Alamarsa farashi mai sauƙi fiye da kima, da gaggawa, da neman kuɗin mota kafin a ga kaya. Kada a tura masa ko sisi. Ba a cinikin biri a sama.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Ingila sai da aka kafa doka, wadda ta fara aiki a watan Afrilun 2020, da ta hana shaguna da dillalai sayar da ɗan kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Dole mai saye ya je wurin mai kiwon kai tsaye, ko gidan da ake kula da dabbobin da aka yasar. Ke ma za ki iya kafa wannan doka a gidanki: ba za a sayi karen da ba a ga uwarsa ba.

Ku je ku ga uwar

Gani ya kori ji. Idan da hali ki bi maigida, domin idon uwa na ganin ƙazantar da idon namiji zai wuce. In ba hali, a kira ki ta bidiyo daga can ki gani da kanki.

Ki fara da wurin. Akwai inuwa? Akwai ruwan sha mai tsabta? Kashi ya taru ƙuda na bi, ko an share? Kada ki ji haushi idan mai gidan ya ce ku wanke hannu ko ku taka ruwan magani kafin ku shiga. Alama ce mai kyau, domin ƙwayar cutar fabo a tafin takalmi ake ɗauko ta.

Sai ki dubi uwar. Nononta zai nuna ko ita ce ta shayar da su da gaske, don akwai masu aro kyakkyawar karya su tsayar kusa da 'ya'yan wata. Ki ga ko 'yan kwikwiyon na zuwa wurinta suna hawanta. Ki lura da halinta. Ba laifi ba ne ta yi haushi ganin baƙo kusa da 'ya'yanta, amma idan mai ita ya yi magana ya kamata ta natsu. Karyar da mai ita ma ke tsoron taɓawa, ko wadda ke makyarkyata tana ɓuya, 'ya'yanta na iya ɗauko halin, ta gado da kuma ta koyi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

A sa ta ta tashi ta yi tafiya. Idan tana tashi da ƙyar, ko tana haɗa ƙafafun baya tana tsalle kamar zomo in za ta yi gudu, ana iya zargin ciwon ƙugu, kuma ana gadonsa. Ba ya nunawa a jikin ɗan wata biyu, sai ya girma kin saba da shi sannan ya fara ɗingishi.

Ki tambayi shekarunta da yawan haihuwarta. Karya takan nemi barbara kusan sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai tausayi ba ya bari a barbare ta tun tana ƙarama, yakan jira manyan jinsi su kusa shekara biyu, kuma yana hutar da ita tsakanin haihuwa da haihuwa. Wanda ya mayar da ita injin buga kuɗi za ki gan ta a rame, gashi na zuba.

Uban kuwa sau da yawa ba ya gidan, domin kai karya ake yi a biya kuɗin barbara. Wannan ba aibi ba ne. Amma a nuna muku bidiyonsa, a faɗi inda yake. Sannan ki yi tambayar da mutane ke mantawa: shin uwar da uban 'yan'uwa ne? Inda karnukan jinsi ɗaya ba su da yawa, akan haɗa wa da ƙanwa ko uba da 'ya, kuma hakan na fito da cututtukan gado da raunin jiki.

Kada a karɓe shi kafin mako 8

Ɗan kwikwiyo yana buɗe ido ne bayan kwana 10 zuwa 14. Haƙoran nono na fara fitowa wajen mako na uku. Daga nan zuwa mako na takwas yana makaranta ne a wurin uwarsa da 'yan'uwansa. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya daina wasa da shi, a haka yake koyon sassauta baki. Wanda aka raba da su tun yana mako huɗu ko biyar bai sami wannan darasi ba, kuma a hannun 'ya'yanki zai gwada haƙoransa.

Masu sayarwa da wuri suna da dalilinsu. Suna gudun kuɗin abinci da na allura. Na biyu kuma, 'yan kwikwiyo ƙanana duk kamarsu ɗaya, da wuya a bambance ɗan asali da barbarar yanyawa. Kowane mai gashi za a iya yanke masa kunne a kira shi Kokeshiyan, kowane baƙi mai ja a fuska a gutsure masa wutsiya a ce Rotwaila ne. Sai bayan wata biyar gaskiya ta fito, lokacin mai sayarwa ya canza layi.

Katin rigakafi: abin da za ki duba

Kada ki yarda da "an yi masa komai" da baki. A nuna kati. Ga abin da ya kamata ki gani a ciki.

Maganin tsutsar ciki. Ana fara ba su tun suna mako biyu, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu har su yi wayo. Wannan ya shafi 'ya'yanki kai tsaye, domin ƙwan tsutsar kare na fita cikin kashinsa ya zauna a ƙasa, yaro mai wasa da ƙasa yana sa hannu a baki na iya haɗiye shi.

Allurar haɗaka, wadda za ki ga an rubuta DHLPP. Tana kare shi daga cututtuka biyar, ciki har da fabo da distemfa. Ana yin ta farko yana mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai wajen mako 16. Ke nan ɗan mako takwas allura ɗaya ya samu, sauran a hannunku za a ƙarasa. Duk wanda ya ce ɗan mako bakwai ya gama allurai kaf, ko bai sani ba ko yana yaudara.

Allurar haukan kare. Ana yin ta yana wata uku, a sabunta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, na cikin masu samar da ita.

A jikin katin ki nemi kwanan wata, da 'yar takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar allurar aka liƙa, da suna da hatimi da lambar likitan. Likitocin dabbobi na gaskiya suna da rajista da majalisar da ke kula da aikinsu, wato VCN. A karɓi lambar wayar likitan a kira shi a gaban mai sayarwa. Wannan na da muhimmanci saboda allurar rigakafi sai an ajiye ta cikin sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta wuni a kanta cikin zafi ba wuta, ko aka yawo da ita a aljihu, ta zama ruwa kawai. Akwai masu kiwon da ke sayen allura su yi da kansu don rage kuɗi, kati ya cika amma kare ba shi da kariya.

Ki dubi jikinsa da kyau

A je da safe ko da yamma lokacin da suke wasa. Mai lafiya zai zo yana shinshina ku, yana kaɗa wutsiya. Wanda ya koma lungu ya kwanta shiru, kada tausayi ya sa ki ce shi ne mai hankali, wataƙila ba shi da lafiya ne.

A ɗaga leɓensa a ga dasashi. Ya kamata ya zama ja-ja mai haske. Idan ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, ko dai tsutsa ko cutar da kaska ke sawa. Ido ya zama garau ba kwantsa, hanci ba majina mai kauri. A leƙa kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke ɓuya. A shafa gashi a ga ko akwai ƙuma, ko wurin da gashi ya zube ya yi zagaye, domin makero da ƙazuwar kare na iya kama yara. Ciki ƙato kamar ganga alhali haƙarƙari a waje alamar tsutsa ce. A duba cibiya ko ta kumbura. A ɗaga wutsiya, idan akwai busasshiyar gudawa a gashin wurin, a fasa. A tafa hannu ta bayansa a ga ko ya waiwayo.

Ko da wanda kuka zaɓa garau yake, idan ɗaya daga cikin 'yan'uwansa na amai ko gudawa mai jini da wari, ku juya. Wannan ita ce fabo. Takan ɓoye a jiki kwana uku zuwa bakwai, wani lokaci fiye, kafin ta bayyana, kuma tana kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Gidaje da yawa sun ga haka: an kawo shi ranar Asabar yara na murna sun raɗa masa suna, ranar Laraba ya daina cin abinci, kafin mako ya zagayo an binne shi, kuɗin saye da na ƙarin ruwa sun tafi, yara na kuka.

Takardar asali

Za a iya nuna muku takarda mai tambari an jera sunayen kakanni. Asalin wannan tsari daga Turai ne. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila an kafa ta a 1873, babbar ƙungiyar duniya ta FCI kuma a 1911, hedikwatarta na Beljiyam. Amma kin san yadda shagon kwamfuta ke iya buga kowace irin takarda. Idan an ce iyayen daga waje aka shigo da su, to galibi suna da 'yar na'urar shaida kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai lamba 15. Likitan da ke da na'urar karantawa zai iya gwada ko lambar ta yi daidai da ta takardar. In ba a iya tabbatarwa ba, kada a biya kuɗin takarda, a biya kuɗin karen da ido ya gani. Kuma ki sani takardar asali shaidar dangi ce kawai, ba shaidar lafiya ko kyan hali ba.

Shi ma zai yi muku tambayoyi

Wannan ita ce babbar alama. Mai kiwon da ya damu da dabbobinsa zai tambayi girman gidanku, da tsawon katanga, da shekarun yaranku, da wanda zai riƙa kula da karen, da ko kun taɓa riƙe kare. Yana iya ce muku wannan jinsin bai dace da ku ba. Wanda bai tambayi komai ba sai "nawa za ku biya", bai damu da inda karen zai ƙare ba.

A rubuta yarjejeniya ko da a takarda ɗaya ce, da shaidu biyu: ranar haihuwa, jinsi, alluran da aka yi, kuɗin da aka biya. A sa sharaɗin cewa za ku kai shi wurin likitanku cikin kwana biyu ko uku, a asibitin dabbobi na gwamnati irin na Gwale ko wani mai zaman kansa da kuka zaɓa da kanku, kuma idan aka sami cutar da ya zo da ita za a mayar da shi a dawo da kuɗi. A karɓi ɗan abincin da ya saba ci, domin canza abinci farat ɗaya na sa gudawa. A nemi lambar wani da ya taɓa saye a wurinsa shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, a ji yadda nasa ya kasance.

Haukan kare: abin da ya fi kuɗi muhimmanci

Asarar kuɗi ana mayar da ita. Abin da ba a mayarwa shi ne rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Ɗan kwikwiyo ma yana iya ɗauke da ita, shi ya sa wanda ba a san inda ya fito ba haɗari ne komai kyansa.

Ki haddace wannan, ki koya wa duk wanda ke gidanki. Idan kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ko ya lashi wurin da ke da rauni, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15. Sannan a tafi asibiti a ranar domin allurar kariya. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin, kada a jira a ga abin da zai faru. A killace karen, a sanar da likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10. Ki gaya wa yaranki ba za ki doke su ba idan suka faɗa miki kare ya cije su, domin yaro kan ɓoye ɗan ƙaramin cizo saboda tsoron faɗa, kuma wannan ɓoyewar ce ke kisa. Duk ranar 28 ga Satumba ake bikin yaƙi da cutar a duniya, ki mayar da ita ranar duba katin karenku.

Bayan ya iso gida

Kada a fita da shi titi ko a haɗa shi da wasu karnuka sai ya gama allurai. Idan wani ɗan kwikwiyo ya taɓa mutuwa da fabo a gidan, ƙwayar cutar na iya zama cikin ƙasa watanni da yawa, a wanke siminti da bilic, a nemi shawarar likita kafin a kawo wani.

Ku yi lissafin ciyarwa tun yanzu. Babban kare ba zai rayu a kan ƙanzo da ragowar tuwo kaɗai ba, yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai, ko abincin karnuka na buhu. Albasa da tafarnuwa da cakulan da inabi da goro duk guba ne gare shi, ƙashin kaza dafaffe kuma na iya tsaga masa hanji. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane.

Kada a saurari masu cewa a kulle shi cikin duhu, ko a ba shi barkono ko abin maye don ya yi zafi. Karen da aka ɗaure da sarƙa dare da rana, ana dukansa, ba ya bambance ɓarawo da ɗan gida. Wanda ya saba da mutanen gida tun yana ƙarami shi ne ke gane baƙon dare. A koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su ja masa wutsiya ko su hau bayansa. Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai ko na minti ɗaya, komai sabon da suka yi. Ki tuna da masu shigowa gidanki da rana: almajirin da ke miki aike, mai ruwa, 'yar aiki, 'ya'yan maƙwabta. Haƙƙinsu na wuyanku. A kulle shi da rana a wurinsa, a sake shi da dare bayan an rufe ƙofa, a rubuta gargaɗi a jikin get.

Daga ƙarshe, uwargida, ba dole ne sai karen Turawa ba. Karnukanmu na gida, irin waɗanda mafarauta da makiyaya ke riƙewa, sun saba da zafinmu, cinsu kaɗan ne, kunnensu kuma ba ya barci. A can Nijar da Mali, Buzaye na da nasu dogon kare, Azawak, wanda yanzu har Turai da Amurka ake kiwonsa. Ɗan karen gida da kuka san uwarsa, aka yi masa allurai aka ciyar da shi da kyau, ya fi ɗan asalin da aka sayo a kwali ba a san daga inda ya fito ba.

Idan maigida ya nuna miki hoton a waya yau da dare, ki tambaye shi abu uku: ina uwar, makonsa nawa, ina katinsa. Idan aka rasa amsar ɗaya daga ciki, a haƙura a nemi wani.

Ke fa, kin taɓa riƙe kare a gidanki? Daga ina kuka samo shi, kuma yaya kuka ƙare? Ki ba mu labari a ƙasa don 'yan'uwa su amfana. Allah Ya tsare mana gidajenmu da 'ya'yanmu, amin.